Unguwa ta gyaru, amma ina mutanenta? Sharhi kan laifi, tsadar haya da tashin talakawa daga tsakiyar birane

Kusan duk lokacin da labarin wata tsohuwar unguwar talakawa a tsakiyar babban birni ya fito, zaka ga labari biyu ne ke tafiya tare kuma kamar suna ƙaryata juna. Magajin gari ya fito yana cewa harbe-harbe sun ragu, an buɗe sabbin shaguna, an gyara titi an sa fitilu. A gefe guda kuma ga mutanen unguwar ɗauke da kwalaye suna zanga-zanga wai ana korarsu. Sai mai karatu ya rasa wa zai gaskata, shin ba su ne suka daɗe suna kukan rashin tsaro ba, to yanzu da tsaro ya samu kuma meye na kuka?

Duka labaran biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda. Abin da ke rikita mutane shi ne ana cakuɗa abubuwa uku daban-daban a tukunya ɗaya, sannan ba a lura da wanne ke fara zuwa ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Na farko shi ne abin da Turawa ke kira jantirifikeshan. Wata masaniyar zamantakewa mai suna Ruth Glass ce ta ƙirƙiro kalmar a 1964, lokacin da ta ga masu hali suna sayen tsofaffin gidajen leburori a unguwannin Landan irin su Islington, su gyara su su shiga, har unguwar ta canza kama gaba ɗaya. A Hausance za mu iya ce masa shigowar masu hali unguwar marasa hali. Alamarsa ita ce masu kuɗi da masu digiri suna ƙaruwa, farashin gida da na haya suna tashi.

Na biyu shi ne tashin mutane, kuma shi ma kala-kala ne. Akwai na kai tsaye, mai gida ya ba ka notis ko gwamnati ta rushe ginin. Akwai na matsi, ba wanda ya ce ka tashi amma haya ta fi ƙarfinka sai ka tattara da kanka. Sannan akwai na uku wanda masani Peter Marcuse ya yi bayani a 1985, wato rufe ƙofa: kai ba a kore ka ba, amma ranar da ka tashi don kanka, talakan da zai maye gurbinka ba zai iya biyan sabon farashi ba. Wannan na ukun ba ya fitowa a hoto ko a labarai, sabida ba wanda aka ga an watso wa kaya waje.

Na uku shi ne laifi. A nan ma a kula, yawan laifi daban yawan kame daban. Kisa yana da wuyar ɓoyewa shi ya sa masu bincike suka fi dogara da alƙalumansa, amma adadin waɗanda aka kama da ƙwaya ko zaman banza a kan titi, wannan ya fi nuna inda 'yan sanda suka sa ido ne. Kuma ko a unguwar da ta yi ƙaurin suna, laifin ba ya bazuwa ko'ina. Binciken David Weisburd a birnin Seattle na Amurka ya nuna kusan rabin laifukan birnin gaba ɗaya suna faruwa ne a kashi 5 cikin 100 na layukansa. Kenan unguwa guda na ɗaukar baƙin suna sabida wasu 'yan layuka, mafi yawan mazauna kuwa su ne ma waɗanda abin ke cutarwa.

Yanda tsakiyar birni ya talauce tun farko

Ruwa ba ya tsami banza. Amurka ce misalin da aka fi nazari a kai, kuma a can talaucin tsakiyar birni yana da tarihi a rubuce. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lamunin gidaje ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni aji huɗu, waɗanda ta ɗauka ba da bashi a cikinsu na da haɗari ta shafa musu ja, kuma galibi unguwannin baƙar fata ne da na baƙin haure. Bankuna suka riƙa ƙin ba da bashin saye ko gyaran gida a irin waɗannan wurare. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje, amma kafin nan shekara talatin sun wuce, gidaje sun lalace, wanda ya so ya mallaki gida bai samu ba ya ƙare a ɗan haya shi da 'ya'yansa.

Sai kuma dokar gidaje ta 1949 da dokar manyan hanyoyi ta 1956, waɗanda suka ba birane kuɗin rushe unguwannin da aka kira kwatami a gina wani abu, ko a ratsa su da babbar hanya. Unguwar Black Bottom a Detroit haka ta tafi. Hanyoyin nan kuma su ne suka sauƙaƙa wa masu hali komawa bayan gari su riƙa shigowa aiki da mota, suka tafi da harajinsu. Masana'antu ma suka bi su ko suka rufe. Detroit da ke da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950, a ƙidayar 2020 ta koma wajen 640,000.

To ka haɗa rashin aiki, kangwaye, makarantu marasa kuɗi, sannan a tsakiyar shekarun 1980 ga hodar ibilis mai araha ta shigo da bindigogi a hannun matasa masu rigimar kasuwa. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin Niyok. Wannan shi ne yanayin da kalmar tsakiyar birni ta zama kamar zagi a Amurka, alhali a birane kamar Faris akasin haka ne, masu kuɗi ne a tsakiya, talakawa a unguwannin gefe.

Me ke jawo masu kuɗi su dawo

Masana sun kasu biyu a nan tun da daɗewa. Neil Smith a 1979 ya ce maganar jari ce kawai. Fili a tsakiyar birni yana kusa da ofisoshi da jirgin ƙasa, darajarsa ta asali na nan, ginin da ke kai ne ya lalace. Idan tazarar da ke tsakanin abin da mai gida ke samu yanzu da abin da zai samu in ya gyara ya canza 'yan haya ta yi faɗi sosai, jari zai zo ko ba a kira shi ba. Ɗaya ɓangaren, irin su David Ley, suka ce a duba mutanen ma: ayyukan ofis sun ƙaru, matasa masu ilimi suna jinkirta aure, sun gaji da cunkoson hanya, suna son zama inda za su taka da ƙafa zuwa aiki. Yau mafi yawan masu nazari na ganin biyun tare suke aiki, sannan ga na uku wato gwamnati, domin sabon layin jirgin ƙasa ko canza dokar yawan benen da za a iya ginawa na iya ninka darajar fili kafin a aza bulo ko ɗaya.

Wanne ke fara zuwa, saukar laifi ko masu hali

A nan gizo ke saƙa. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne masu kuɗi sun shigo sai laifi ya ragu, kamar dai su ne suka kawo zaman lafiya a jaka. Amma idan aka bi tarihi, a wurare da yawa laifin ne ya fara sauka. Daga farkon shekarun 1990 laifi ya yi ta raguwa a kusan duk manyan biranen Amurka, har da unguwannin da ko mai kuɗi ɗaya bai leƙa ba, kisa a Niyok ya sauko ƙasa da 300 a 2017. Binciken Ingrid Gould Ellen da abokan aikinta a jami'ar Niyok ya gano cewa idan laifukan zubar da jini suka ragu a birni, daga baya ne masu babban albashi da masu digiri ke ƙara shigowa unguwannin talakawa na tsakiya. Wato tsoro ne katangar da ta riƙe haya a ƙasa, da katangar ta faɗi sai kasuwa ta shigo.

Wa ya rage laifin? Har yau ana gardama, wasu su ce ƙarin 'yan sanda, wasu su ce kasuwar hodar ce ta lafa, wasu tattalin arziki, wasu ma cire dalma daga man fetur. Amma akwai wani kaso da ba a cika ambata ba, wato mazauna da kansu. Robert Sampson ya nuna a Shikago a 1997 cewa unguwar da maƙwabta suka yarda da juna, suke iya tsawata wa yaran juna, tana da ƙarancin zubar da jini ko da talaucinta ɗaya da wata. Patrick Sharkey kuma ya nuna yawaitar ƙungiyoyin unguwa masu share kango da kula da matasa ta taimaka wajen saukar kisa. Wannan ne tushen ɗacin da ake ji a bakin tsofaffin mazauna, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, su suka zauna lokacin da ake harbi, da aka daina sai haya ta ninka.

Sai dai ɗaya hanyar ma tana da hujja, adalci a faɗa. A 1994 masu zaɓe a jihar Massachusetts suka soke dokar ƙayyade kuɗin haya, abin ya shafi birnin Cambridge sosai, jari ya kwararo, mutane suka canza. Masu bincike na jami'ar MIT suka gano laifi ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100 sanadiyyar hakan. Kenan abin na tafiya ta ɓangare biyu, saukar laifi na jawo kuɗi, kuɗi kuma na ƙara sauke laifi, ta hanyar cike kangwaye, fitilu, masu gadi da mutane a kan titi da dare. Wasu binciken kuma sun ga a farkon canjin sata da fashi kan ɗan ƙaru, sabida ga mai abu ga marar abu a layi ɗaya kuma ba wanda ya san wani.

Maganar 'yan sanda

A 1982 James Q. Wilson da George Kelling suka fito da ra'ayin fasasshiyar taga: in aka bar ƙananan ɓarna ba a kula ba, manyan laifuka za su biyo. Niyok ta ɗauki wannan a shekarun 1990, daga baya abin ya kai ga tsayar da mutane a titi ana caje su, a 2011 kaɗai an yi haka sama da sau 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, kuma mafi yawansu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. A 2013 wata alƙaliyar tarayya ta yanke hukunci cewa yanda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Aka rage shi ƙwarai, kuma laifi bai tashi ba, ya ci gaba da sauka shekaru bayan nan.

Masu goyon bayan tsauraran matakai suna cewa talakawa ne suka fi kowa amfana da saukar kisa tunda 'ya'yansu ne ke mutuwa, kuma wannan gaskiya ne a alƙaluma. Masu suka suna cewa kame kan ƙaramin laifi na bar wa matashi tabo a takarda wanda zai hana shi aiki da gidan haya, kaga shi ma wata hanyar tashi ce. Akwai kuma ƙorafin da ke yawan fitowa a unguwar da ke canzawa, sabon maƙwabci ya kira hukuma kan kiɗa ko zaman hira a ƙofar gida, abin da mutane suka shekara arba'in suna yi ba wanda ya ce uffan.

Shin da gaske ana korar mutane?

Wannan tambayar ta fi yanda ake zato wuya. A 2004 Lance Freeman da Frank Braconi suka bi alƙaluman Niyok na shekarun 1990, suka ga talakawan da ke unguwannin da masu hali ke shigowa ba su fi sauran talakawa tashi ba, hasali ma sun fi su zama. Abin ya ba mutane mamaki har ya jawo cece-kuce. Bayanin shi ne talaka dama kullum cikin tashi yake, notis da bashin haya sun fi yawa a unguwannin da suka fi talauci, waɗanda ba mai kuɗin da ke sha'awarsu. Wanda kuma unguwarsa ke gyaruwa yana daurewa ya matse cikinsa ya biya don kar ya rasa wurin.

Masu suka, irin su Kathe Newman da Elvin Wyly, suka ce a yi hattara, Niyok tana da gidajen gwamnati da dokar haya da ke riƙe mutane, ba don su ba da labarin ya bambanta, kuma wanda ya koma kwana a falon 'yan uwa ko ya bar garin ba ya shiga lissafi. Wani bincike a Filadelfiya ya ƙara wani abu: marasa ƙarfin da suka tashi daga irin waɗannan unguwanni sun fi faɗawa unguwar da ta fi talauci.

Idan aka haɗa su, hoton da ke fitowa shi ne korar kai tsaye tana faruwa amma ba ita ce mafi yawa ba, rufe ƙofa ne ke canza unguwa a hankali. Mutanen birnin Washinton kusan kashi 70 cikin 100 baƙar fata ne a 1970, zuwa ƙidayar 2020 sun koma ƙasa da rabi, duk da cewa wani kaso na wannan masu hali ne baƙar fata da suka koma bayan gari don kansu tun kafin tsadar ta zo. Sannan kar a manta, mafi yawan unguwannin talakawa ba sa ganin wannan canjin ko kaɗan. Wani nazari na 2014 ya duba unguwanni kusan 1,100 masu tsananin talauci a manyan biranen Amurka a 1970, bayan shekara 40 kusan 100 ne kawai suka farfaɗo, sauran suna nan jiya i yau ko mutane sun watse.

Inda gwamnati ce ke rusawa

Nan kam ba gardama kan ko an tashi mutane. A 1992 Amurka ta fara wani shiri na rushe manyan benayen gwamnati da suka lalace a gina unguwannin da za su haɗa mai hali da marar hali. Unguwar benayen gwamnati ta Cabrini-Green a Shikago, wadda ta taɓa ɗaukar mutum wajen 15,000 kuma tana dab da unguwannin masu kuɗi, an rushe benenta na ƙarshe a 2011. A Landan rukunin gidaje na Heygate mai gida kusan 1,200 an rushe shi tsakanin 2011 da 2014, a sabon ginin gidajen da aka ware a kan hayar gwamnati mai sauƙi ba su kai 100 ba.

Sakamakon a Shikago ya zo a cakuɗe. Laifi ya ragu sosai a inda aka rushe, ya ɗan ƙaru a wasu unguwannin da aka tara waɗanda aka tasa, amma jimilla ya ragu. Binciken Eric Chyn ya nuna yaran da rusau ya tasa sun fi samun aiki da albashi da suka girma, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da zama a benayen da ba a rushe ba. Manya kuwa, musamman tsofaffi, su ne suka fi asara, domin maƙwabciyar da ke riƙe maka yaro da mai shagon da ke ba ka bashi ba sa bin ka sabuwar unguwa.

Wa ke ci, wa ke asara

Abin da ya fi raba mutane a nan shi ne takarda. Mai gidan kansa dukiyarsa ta ƙaru, in ya sayar ya samu abin da bai taɓa mafarki ba, matsalarsa harajin gida da ke tashi tare da daraja, wanda kan takura tsoho mai cin fansho, ga dillalai masu buga ƙofa suna tayin kuɗi a hannu ƙasa da farashi. Ɗan haya a gidan gwamnati ko gidan da doka ta ƙayyade hayarsa shi ne kan fi kowa morewa, ya samu tsaro da gyara ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, muddin ba a rushe ginin ba ko mai gida bai fara dabarar ƙin gyara don ya gaji ya fita ba. Ɗan haya a kasuwar sake kuwa shi ne a bakin wuta, ranar sabunta yarjejeniya ce ke yanke masa hukunci. Haka masu ƙananan shaguna, su ma hayar shago ke tashi kuma kwastomominsu na raguwa.

Magungunan da aka gwada

Ƙayyade kuɗin haya shi ne abin da ake fara kira. San Faransisko ta faɗaɗa nata a 1994, masu bincike na jami'ar Stanford suka gano ya taimaki waɗanda ke ciki sun zauna, amma masu gidajen da dokar ta shafa sun rage gidajen haya da kashi 15 cikin 100, wasu suka mai da su na sayarwa, haya a sauran birnin ta tashi. Balin, babban birnin Jamus wadda ita ma jiha ce, ta daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021 kan cewa ba hurumin jihar ba ne.

Wasu na cewa a yi ta gini kawai, in gidaje sun yawaita mai kuɗi ba zai yi takara da talaka kan tsohon gida ba, kuma akwai hujjar cewa sabon gini na rage saurin tashin haya a birni gaba ɗaya, sai dai yana ɗaukar shekaru, wanda notis ɗinsa ya rage wata biyu ba zai jira ba. Niyok ta ɗauki wata hanya a 2017, ta ba marasa ƙarfi haƙƙin lauya kyauta a shari'ar kora. A unguwar Dudley da ke Boston kuma mazauna ne suka kafa ƙungiya, a 1988 aka ba ta ikon karɓar filayen da aka yi watsi da su, ƙungiyar ke riƙe da filin, mutum ya sayi ginin kawai, in zai sayar akwai iyakar ribar da zai ɗora.

Ta ɓangaren laifi, akwai gwajin da aka yi a Filadelfiya aka wallafa a 2018. An ɗauki kangwayen filaye sama da 500, wasu aka share aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi aka sa ɗan gajeren shinge, wasu aka bar su yanda suke don a kwatanta. A unguwannin da suka fi talauci, harbe-harbe a kewayen filayen da aka gyara sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100, ba a kama kowa ba ba a tashi kowa ba. Tambayar da gwajin bai amsa ba ita ce nawa hayar layin za ta koma bayan shekara goma, da kuma sunan wa ke kan takardar gidajen da ke kallon filin.